Yadda za ka cire gilashin gaba da na bayan mota da kanka

Ruwan watan Agusta ne ya koya mini wannan aiki dole. Duk daren da aka yi ruwa, da safe sai in tarar da kafet ɗin gefen fasinja na tsohuwar Corollata sharkaf, motar tana wari kamar tsumman da ya kwana a bokiti. An toshe nan, an shafa gam can, duk a banza. Daga ƙarshe mai fanabita ya ɗaga robar saman gilashin gaba da farce ya nuna mini: tsatsa ta ci ƙarfen da gilashin ke zaune a kai, ta nan ruwan yake bi. Ya ce babu gyara sai gilashin ya fita. Shi kuwa gilashin lafiyarsa ƙalau, wanda motar ta zo da shi ne daga kamfani, har da lambar motar da aka zana a kusurwarsa saboda ɓarayi. Mai gilashin da na fara tambaya bai ɓoye mini ba, ya ce, "Alhaji, zan cire maka, amma in ya tsage ba ruwana." Na ce to in dai haka ne, gara ya tsage a hannuna.

Maganar tasa gaskiya ce, kuma ka riƙe ta tun yanzu. Ko gwani yakan yi asarar gilashin da aka liƙa da gam. Saboda haka kafin ka taɓa sukudireba, ka yanke wa kanka hukunci: gilashin kake son ceta, ko jikin motar? In gilashin ya riga ya tsage kuma sabo za ka sa, hankalinka duka ya koma kan fenti da dashbod, gilashin ya yi yadda ya ga dama. In kuwa gilashin kake so ya fita lafiya, ko don a gyara tsatsa, ko don ka ciro shi daga motar da aka yanka a Ƙofar Ruwa ko Panteka, to za ka ninka lokacin aikin, kuma duk motsin da za ka yi gefen gilashin za ka riƙa tsaro.

Gilashi biyu, hali biyu

Na gaba da na baya ba jinsi ɗaya ba ne. Na gaba falle biyu ne na gilashi, kowane wajen milimita 2, an haɗa su da siririyar leda mai ƙarfi a tsakani, kaurinta milimita 0.76. Shi ya sa in dutse ya same shi yake tsagewa kamar saƙar gizo amma ya tsaya a wurinsa. Na baya a yawancin motoci falle ɗaya ne da aka gasa aka sanyaya da sauri. Tsakiyarsa na da taurin kai, kana iya dukansa da tafin hannu bai ji ba, amma ƙwarzane ɗaya mai zurfi a gefensa ya isa ya tarwatse gaba ɗaya ya zama tsakuwa. Duba kusurwar ƙasa, akwai tambarin kamfani. In ka ga "Laminated", mai falle biyu ne. In ka ga "Tempered" ko "Toughened", gasasshe ne.

Sai kuma yadda aka ɗaure shi. Tsofaffin motoci irin su Fijo 404 da 504, da Bitil, da tsohuwar Land Rover, gilashinsu cikin wata kakkaurar roba yake zaune, robar kuma ta cije bakin ƙarfe. Babu gam mai riƙewa. Motocin da suka cika titi yanzu, su Corolla da Camry da Accord da Fijo 406, an liƙa nasu ne da baƙin gam mai suna yuretan. Alamarsa ita ce baƙin zanen da ya kewaye gefen gilashin, wanda ke ƙarewa da 'yan ɗige-ɗige. Ba ado kawai ba ne, shi ke kare gam ɗin daga rana, kuma a ƙarƙashinsa gam ɗin yake. Siririyar robar da kake gani a gefe kwalliya ce, ko ka cire ta gilashin ba zai motsa ba.

Zan fi daɗewa a kan mai gam, don shi ne mai wahala.

Kayan aiki, da mutum na biyu

Babban makaminka waya ce. Masu sayar da kayan gilashi suna da wayar yankan gam, wata murɗaɗɗiya, wata mai kusurwa huɗu. In ba ka samu ba, kebul ɗin birkin keke ko na kulocin babur yana yi, sai dai yana saurin tsinkewa, don haka ka tanadi uku ko huɗu. Yanki mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. Za ka buƙaci guntayen itace biyu masu kaurin muciya da za ka naɗe bakin wayar a jikinsu, kada ka kuskura ka naɗe ta a yatsa. Sai basilla ko siririn ƙarfe mai tsini na huda gam, filaya, sifana, sukudireba, wuƙa mai sabon kaifi, tef na masu fenti, kwali, tsohon bargo, safar hannu mai kauri da tabarau. Ka yanko faffaɗan falle daga jikin tsohuwar jarka, za ka ga amfaninsa a dashbod. In za ka iya aro abin nan mai tsotsar gilashi da ake riƙe shi da shi, ka aro biyu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni ƙanena na kira, kuma na zaɓe shi ne don yana da haƙuri, ba don ƙarfi ba. Mai ƙarfi marar haƙuri shi ke fasa gilashi.

Ku yi aikin a inuwa, da hantsi. Sanyin asubar hunturu yana sa roba da ƙananan maƙalai su yi tauri su riƙa karyewa, zafin azahar kuwa ba ya barin mutum ya dafa bonet.

Kwance abin da ya kewaye shi

Sauke gilasan ƙofofi tukuna, sannan ka cire kan batir na nigetif. Ka jira kafin ka taɓa komai a ciki: littafin gyaran Toyota yana cewa daƙiƙa 90, na Honda minti 3. Dalili shi ne jakar iska mai buɗewa in an yi hatsari, wadda a motoci da yawa take naɗe a bayan murfin ginshiƙan da ke gefen gilashin. Duk soket ko wayar da ka ga launin rawaya tata ce, ka bar ta. Masu tsofaffin Honda su tabbata suna da lambar buɗe rediyo, don yakan kulle in an cire batir.

Waifa: manna ɗan tef a gilashi daidai inda kowace ta kwanta, cire hular da ke gindinta, kwance notin, galibi sifana 13 ko 14 ce. Sau da yawa noti zai fita amma hannun waifar ya ƙi. Kada ka sa sukudireba ka yi bankara da gilashi. Danna hannun a wajen gaɓarsa, ka girgiza shi a hankali, zai saki. Daga nan ka buɗe bonet ka cire baƙin murfin robar da ke ƙasan gilashin, kana lura da siririn tiyon ruwan wanke gilashi da ke bi ta jikinsa.

A ciki, cire murfin ginshiƙan biyu, da makaran rana, da hannayen riƙo na sama, don silin ya ɗan saki a gaba. Ba sai ka sauke shi duka ba, yatsa biyu ya isa. Madubin tsakiya yana zaune ne a kan wani ɗan ƙarfe da aka liƙa a gilashin. Wani zamewa yake yi sama, wani yana da ɗan sukuru, wani murɗa shi ake yi. Ka gane irin naka kafin ka matsa, don nan ma gilashi yana tsagewa. In akwai na'urar jin ruwan sama ko kyamara a bayan madubin, zare soket ɗinsu ka ajiye su inda ƙura ba za ta same su ba.

Yanzu ka zare ko ka yanke robar kwalliyar waje. In ta manne, yanke ta da wuƙa ka sayi sabuwa, ba ta kai a yi asarar gilashi a kanta ba. Bi gefen fentin duka da tef, ninki biyu ko uku, musamman kusurwoyin sama. Toshe ramukan iska na saman dashbod don kada ɓurɓushi ya faɗa, ka shimfiɗa bargo a bonet da kujeru. Abu na ƙarshe, wanda mutane ke mantawa: manna tef guda huɗu da suka taso daga gilashi suka hau jikin mota, biyu sama, ɗaya kowane gefe, sannan ka yanka su a daidai tsagin. Ranar mayarwa, su za su nuna maka ainihin mazauninsa.

Yankan gam

Fara daga gefe, wajen tafin hannu ɗaya ƙasa da kusurwar sama, don a nan gam ya fi siranta kuma ana ganinsa ta ciki. Daga cikin mota ka huda gam ɗin da basilla, tsininta yana kallon ƙarfe, ba ya gogar gilashi. Ka tura wayar ta wannan huda, na waje ya kama da filaya ya jawo. Kowa ya naɗe bakinsa a itace.

Mutumin ciki turke ne, na waje shi ne mai ja. Na ciki zai kai hannunsa gaba, can inda ake son yankan ya dosa, ya riƙe gam-gam, wayar tana kwance kusa da gilashi don kada ta ci silin ko ginshiƙi. Na waje kuma ya ja zuwa wannan ɓangaren, doguwar ja mai nauyi ɗaya. In wayar ta kusa ƙarewa a ciki, na ciki ya jawo abinsa, ya ƙara gaba, a sake. Ba zarto ake yi ba. Gajeren gurzawa da sauri yana zafafa wayar a wuri ɗaya, kafin ka ankara ta tsinke.

Ga abin da ke raba mai fitar da gilashi lafiya da mai fasa shi. Hannun na waje kada ya tashi sama. Da zarar ya ɗaga itacen ya karkato shi kan gilashi, wayar ta daina cin gam ta koma cin gefen gilashin. Ya kwantar da hannunsa, wayar ta fito a miƙe daga ƙarƙashin gilashin ta bi kan tef ɗin da aka manna a fenti. Kunne ma yana aiki a nan. Waya a cikin gam ƙara take yi mai taushi, kamar ana yanka sabulu da zare. In ka ji ƙaras-ƙaras kamar yashi a haƙori, tsaya nan take, gilashi take ci. Sau biyu ƙanena yana ce mini, "Yaya, dakata, ƙarar ta canza," kuma duka biyun da gaskiyarsa.

Kusurwa ita ce wurin haƙuri. Kada ka ce za ka zagaye ta da ja ɗaya. Na ciki ya kai hannunsa can bayan kusurwar, na waje ya riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, taƙi bayan taƙi. A saman wasu motocin Japan za ku ci karo da 'yan maƙalan roba guda biyu da kamfani ya sa don daidaita gilashi. Wayar za ta tsaya cak kamar ta sami ƙarfe. Ku ci gaba da ja a natse, za ta yanke su. In waya ta tsinke, kada ku sake huda, ku zura sabuwa ta inda aka riga aka yanka.

Ku gama sama da gefe biyu, ku bar ƙasa a ƙarshe. Nan ne gam ya fi kauri, nan ne hannu ba ya shiga, nan ne kuma dashbod ke jiran wayar ta yi masa tsagar da ba ta gyaruwa. Cusa fallen jarkar nan tsakanin waya da dashbod, kana matsar da shi duk inda wayar ta matsa. Ka kula da ɗan farantin lambar shasi da ke kusurwar ƙasa ta gefen direba, kada waya ta kankare shi, don ranar sabunta takardu za a nemi a karanta shi. Wasu gilasan suna da wayar lantarki a ƙasa ko a gefe, ta eriya ko ta ɗumama mazaunin waifa, ka zare ta kafin waya ta iso.

A wannan matakin shaiɗan yakan raɗa wa mutum cewa tunda sama ta saki, ya tura gilashin waje ya sami wurin sa hannu. Ɗan turawa kaɗan, kamar kaurin yatsa, da tafin hannu biyu a shimfiɗe, babu laifi. Fiye da haka, gilashin zai lanƙwasa a kan gam ɗin da bai yanku ba, tsaga ta taso daga ƙasa ta haura kana kallo. Garin neman gira a rasa ido kenan. Mu ƙasan kaɗai ta ci mana kusan rabin lokacin aikin, da wayoyi biyu.

In gilashin fasasshe ne tun asali, akwai wuƙar masu gilashi mai lanƙwasasshen baki da ake cusawa ta waje a ja da hannu biyu. Tana da sauri ƙwarai, amma tana guntule gefe, don haka ban ba ka shawararta a kan gilashin da kake so ba.

Ɗagawa da ajiyewa

Kafin ku ɗaga, zagaya da siririn kwali ko fallen roba ta cikin tsagin, ka tabbata babu inda gam ya rage ko da zare ɗaya. Na ciki ya tura saman a hankali, na waje ya tara, sannan na ciki ya fito kowa ya kama gefe ɗaya, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Gilashin ƙaramar mota ya haura kilo 10, ba nauyin ne matsala ba, faɗin ne da santsi. Ku ɗauke shi a tsaye. Ku ajiye shi a tsaye kuma, gindinsa a kan katako biyu ko tsohuwar taya da aka rufa wa bargo, ya ɗan jingina da bango da kwali a tsakani. Kwantar da shi a siminti, ko jingina shi a kan kusurwa ɗaya, shi ne a gama wahala a fasa a ƙofar gida. Ka kuma nesanta shi da hanyar yara da awaki.

Idan mai roba ne

Wannan aikin rabin awa ne in robar ba ta bushe ba. Wasu robobin suna da siririn zare na roba ko mai launin azurfa a tsakiya wanda ke ƙara matse su, fara zare shi. Zuba ruwan sabulu a leɓen robar ciki da waje, ban da baƙin mai, yana kumbura roba. Daga ciki, a kusurwar sama, ka sa guntun itace mai faɗin baki ka tura leɓen robar ya tsallake bakin ƙarfen, kana cusa 'yan guntayen itace don kada ya koma. In sama da rabin gefuna sun saki, zauna a kujera, ka dafa tafin ƙafa biyu a kusurwar sama, babu takalmi mai tauri, ka tura da nauyi ɗaya, ba shuri ba. Na waje yana tare. Gilashin zai fito da robarsa a jiki.

In robar ta tsufa ta yi tauri kamar busasshiyar fata, kuma ka tabbata akwai sabuwa a kasuwa, yanke leɓenta na waje da wuƙa ka ɗauke gilashin salin-alin. Ka fara samun sabuwar a hannu kafin ka yanka. Na tsofaffin motoci gilashin ma yakan fi robar wuyar samu, wani lokaci kuma robar ta fi.

Gilashin baya

Hanyar yankan ɗaya ce, amma shi ba ya gargaɗi. Na gaba yakan tsage ya bar maka abin lallaɓawa. Na baya sai dai ka ji tas! Na taɓa yi a kan wata mota da aka yanka, saura tafin hannu ɗaya gam ya ƙare, na gaji, na cusa sukudireba a gefe na ɗan bankara. Ban ma matsa sosai ba. Sai ga ni tsaye da tsakuwar gilashi har cikin aljihun riga, mai kayan yana kallona yana cewa, "Malam, ai ka saya." Ƙarfe kada ya taɓa gefensa, ko basillar huda gam ka naɗe jikinta da tef.

Kafin yanka, cire matasan kai na kujerar baya, ko kujerar gaba ɗaya in tana fita, da murfin ginshiƙan baya, da allon da sifiku ke zaune, da fitilar birki ta tsakiya in a nan take. Layukan nan ja-ja da ke kwance a gilashin na ɗumama shi ne don ya kore raɓa, a wasu motocin har eriyar rediyo tana ciki. Suna da soket a gefe, an yi masa walda da dalma a jikin gilashin. Riƙe gindin da yatsa ɗaya, ka zare soket ɗin a miƙe. In ka fizge, gindin zai taho, kuma mayar da shi sai mai wayarin da ya san hannunsa. Na ciki ya lura kada wayar yanka ta kankare faffaɗan layin da ke gefe, don shi ke raba wa sauran wuta.

A mota mai ƙofar baya, irin su Golf da Sienna, sai ka kwance waifar baya da murfin cikin ƙofar, a wasu ma ƙarfen waifar ta cikin gilashin ya ratsa. Ka kuma tuna sandunan da ke ɗaga ƙofar an auna su ne da nauyin gilashi. Da zarar ya fita, ƙofar za ta yi sama da ƙarfi in an buɗe, ta iya samun mutum a haɓa. Ku yanka tana rufe, ku buɗe ta da hannu a kai.

In da baƙar leda a jikinsa, ka bar ta, ko ya fashe za ta riƙe tsakuwar. In babu, manna tef mai faɗi a gicciye ta ciki, ka shimfiɗa bargo a but da kujera.

Bakin ƙarfen da ya rage

Gilashi ya fita, saura gam a jikin mota. Kada ka kankare shi har ƙarfe. Sa wuƙa mai kaifi a kwance ka fere shi, ka bar kaurin milimita 1 zuwa 2, don sabon yuretan ya fi kama tsohon yuretan mai tsabta fiye da komai. In mayarwar za ta ɗauki kwanaki, bar ferewar sai ranar, kada ƙura ta zauna a kai. Inda tsatsa ta ci ne kawai za a kankare har farin ƙarfe, a gyara, a shafa firama, wato ruwan da ake fara shafa wa ƙarfe kafin fenti ko gam. Duk ƙwarzanen da waya ko wuƙa ta yi wa fenti, komai ƙanƙantarsa, a shafe shi da firama, in ba haka ba tsatsar da ka cire gilashi dominta za ta dawo ta wannan wurin.

Ranar mayarwa kada wani ya ruɗe ka da silikon na gilashin taga don ya fi araha. Gilashin gaba yana cikin abin da ke tallafe rufin mota in ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iskar fasinja shi take dafawa in ta buɗe. Yuretan na gilashin mota za ka nema, irin su Sikaflex ko Betaseal, ka duba ranar lalacewarsa, ka bi lokacin jiran da aka rubuta a jikinsa. Da danshin iska yake bushewa, don haka a busasshiyar iskar hunturu ka ƙara masa lokaci. Mota mai kyamara a bayan madubi kuma sai an sake saita kyamarar da kwamfuta.

Kafin nan, rufe ramin da leda mai kauri, ka manna tef ɗin a kan tef na masu fenti, kada ya ɗauko fenti in rana ta dake shi. Motar kuma ta zauna inda take, a kira mai fanabita ya zo. Nawa da ya zo ya kankare kusurwar, ramin da tsatsa ta yi ya ɗauki ɗan yatsana. Ya sa muka jiƙa bargo muka rufe dashbod kafin ya kunna wutar walda.